Kare Gyaɗa, Masara da Wake Daga Guba Tun Daga Gona Har Rumbu: Bayani ga Manoman Sahuda da Kewayen Mubi

Gabatarwa

Sahuda tana cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu a jihar Adamawa, a yankin duwatsun Mandara, kan hanyar da ta tashi daga Mubi zuwa iyakar Kamaru. Manoman wannan yanki suna noma masara, dawa, gyaɗa da wake. Abin da ya yi saura bayan an ware na ci a gida, kasuwar Mubi ake kai shi, daga nan fatake su wuce da shi wasu garuruwa ko su ƙetara da shi iyaka. Saboda haka buhun da aka ɗaure a Sahuda yana iya ƙarewa a tukunyar mutanen da manomin bai taɓa gani ba. Amma kafin ya kai gare su, iyalin manomin ne ke fara ci.

Binciken da masana suka shafe fiye da shekara 60 suna yi ya nuna cewa daga cikin manyan abubuwan da ke gurɓata irin wannan amfanin gona akwai guba ta fumfuna, da ragowar maganin ƙwari da ake zubawa lokacin ajiya, da kuma ƙwayoyin cuta da ɓeraye ke barin su a kan hatsi. Duka ukun ba a ganin su da ido, kuma tushensu kusan ɗaya ne, wato hatsin da bai bushe sosai ba da wurin ajiyar da ƙwaro da ɓera ke samun shiga. Manufar wannan jagora ita ce bayyana wa malaman gona da manoma abin da binciken ya gano, da matakan da kowane gida zai iya ɗauka ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Mece ce Gubar Fumfuna?

Akwai wani irin fumfuna mai launin kore da rawaya wanda masana ke kira Aspergillus flavus. Yana zaune a cikin ƙasar gona, yana ci daga ruɓaɓɓen karmami da ragowar amfanin bara, iska da ƙwari kuma suna ɗaukar ƙurarsa zuwa kan shuka. Idan ya samu zafi na digiri 25 zuwa 35 da kuma ɗanshi, sai ya yaɗu a cikin ƙwayar gyaɗa ko masara, ya fitar da wata guba da ake kira afalatoksin.

An fara gano wannan guba ne bayan abin da ya faru a Ingila a shekarar 1960, inda talotalo fiye da 100,000 suka mutu cikin 'yan watanni. Da aka bi diddigi, sai aka tarar an haɗa abincinsu da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil, wadda fumfuna ya riga ya kama. Daga baya hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya afalatoksin a rukuni na farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam.

Abubuwa uku ya kamata kowane manomi ya riƙe game da ita:

1. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Ƙwayar da take da kyau a ido tana iya ɗauke da ita, ko da yake ta fi taruwa a ƙwayoyin da suka yamushe, suka fashe, suka canza launi, ko ƙwaro ya huda.

2. Dafuwa ba ta kashe ta. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, ita kuwa gubar sai zafi ya haura digiri 230 take fara lalacewa. Tuwo, kunu da fate duk ba sa kai wannan zafi, suyar gyaɗa kuma tana rage wani sashe ne kawai.

3. Kaɗan ɗinta ya isa. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce kashi 4 cikin biliyan, Amurka kuma kashi 20 cikin biliyan. Kashi 4 cikin biliyan daidai yake da giram 4 a cikin buhu 10,000 masu kilo 100.

Illarta ga Mutane da Dabbobi

Hanta ce gubar ke fara kamawa. Idan aka ci da yawa a lokaci ɗaya, sai amai da ciwon ciki da shawara da kumburin ƙafafu su biyo baya, har ta kai ga mutuwa. Haka ya faru a gabashin Kenya a shekarar 2004, musamman a gundumomin Makueni da Kitui, inda mutum 317 suka kwanta, 125 daga cikinsu suka rasu. Masarar da ta kashe su ba daga waje aka kawo ta ba, a gonakinsu suka noma ta. Ruwan sama ya sauka lokacin girbi, aka shigar da ita ɗaki da ɗanshinta.

Abin da ya fi yawa a ƙasashenmu shi ne cin kaɗan-kaɗan kullum, shekara da shekaru. Wannan yana raunana garkuwar jiki, yana kuma kai ga ciwon dajin hanta. Bincike ya nuna cewa haɗarin ya ninka kusan sau 30 ga wanda yake ɗauke da ciwon hanta nau'in B, cutar da take da yawa a Nijeriya.

Yara ƙanana su ne abin tausayi. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2002 ya auna jinin yara 480 'yan wata 9 zuwa shekara 5 a ƙauyuka 16 na Jamhuriyar Benin da Togo. An samu alamar gubar a jinin kashi 99 cikin 100 na yaran. Waɗanda aka yaye sun ninka masu shan nono kusan sau biyu, kuma yaran da suka tsumbure su ne suka fi yawanta. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a gidajenmu da kunun masara da kunun gyaɗa ake yaye yaro.

Dabbobi ma ba su tsira ba. Kaji suna rage ƙwai su daina girma, 'yan tsaki su mutu. Saniyar da ta ci dusa ko tunkuza mai guba tana fitar da wani sashe nata a cikin nono, wanda daga baya zai shiga ƙwaryar fura. A yanki irin Mubi, inda kiwo da kasuwar shanu suke da ƙarfi, wannan abin lura ne ƙwarai.

Inda Matsalar ke Farawa

Mutane da yawa suna ɗauka a rumbu fumfuna ke kama hatsi. Gaskiyar ita ce sau da yawa tun a gona yake shiga, rumbu kuma ya ba shi damar yaɗuwa.

A gona: gyaɗa ta fi kamuwa idan ruwa ya ɗauke a makonni 4 zuwa 6 na ƙarshe kafin cira. Ƙasa tana yin zafi, shuka ta galabaita, kwanso ya tsattsage, gara da tsutsa su huda shi, fumfuna ya bi ta ƙofar da suka buɗe. Masara kuma ta kan kamu ta hanyar gemunta, ko ta ramin da tsutsa ta yi a goyo. A ƙasar Mubi, inda damina kan kai ƙarshe wajen watan Oktoba, gyaɗar da aka makara wajen shukawa ita ce ke faɗawa cikin wannan hali.

Lokacin girbi: fartanya tana yanke kwanso. Gyaɗar da aka bari a ƙasa bayan ta nuna, da wadda ake roro daga baya, sun fi sauran ɗaukar guba. Tara gyaɗa ko masara tsibi guda da ɗanyen ganye yana sa ta yi gumi, kwana biyu ko uku sun ishi fumfuna ya kama.

Wajen shanya: shanya a kan tsurar ƙasa tana haɗa hatsi da gidan fumfuna na asali. Raɓar dare da ruwan ƙarshen damina suna mayar da aikin yini baya.

Wajen tsinta: a nan ne muke yin kuskure mafi tsada. An saba a ware gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, a bar yamusasshiya da fasasshiya a gida don yin mai, ƙuli-ƙuli da miya, ko a zuba wa kaji. Idan aka matse mai, mafi yawan gubar tana zama a cikin tunkuza. Ke nan ƙuli-ƙulin da aka yi da rubabbiyar gyaɗa, da yajin da aka daka da shi, su ne suka fi kowane abu tara ta.

Matakan Kariya a Gona

1. A shuka da wuri da zarar damina ta kankama, a kuma zaɓi iri mai saurin nuna domin ya tsere wa farin ƙarshen damina. Irin gyaɗa SAMNUT 24, wanda aka fitar a shekarar 2011, yana nuna cikin kwana 80 zuwa 90.

2. A riƙa juya shuka. Kada a maimaita gyaɗa ko masara a fili ɗaya shekara da shekaru.

3. A yi noma a kan lokaci, a sa taki yadda ya kamata. Shukar da ta ƙoshi ta fi jure wa fari da cuta.

4. Inda ake samunsa, a yi amfani da Aflasafe. Cibiyar IITA da ke Ibadan ce ta samar da shi tare da sashen binciken noma na Amurka da jami'o'in Ibadan da Bonn, hukumar NAFDAC kuma ta yi masa rajista a shekarar 2014. Dawa ce da aka gasa don kada ta tsiro, aka shafe ta da irin wannan fumfuna guda 4 na ƙasarmu waɗanda ba sa fitar da guba, aka rina ta shuɗiya. Idan aka watsa ta, marasa gubar suna riga masu gubar kama wuri. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, wato kilo 4 a eka, mako 2 zuwa 3 kafin masara ta fitar da fure, lokacin da ƙasa take da laima. A gama noma da sa taki kafin a watsa, kada kuma a binne shi. Ga gyaɗa, a bi lokacin da aka rubuta a jikin leda. Gwaje-gwajen da aka yi a gonakin manoma sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Ba a ci, ba a ba dabba.

5. A cire gyaɗa da zarar ta nuna, wato lokacin da cikin ɓawo ya yi duhu a mafi yawan kwanson da aka fasa. A kife ta kwanso yana sama domin rana da iska su ratsa. Gyaɗar roro a ajiye ta daban.

Busarwa da Tsinta

A shanya a kan tamfol, tabarma ko daɓen siminti, a baza da kauri kaɗan, a riƙa juyawa, a kwashe ko a rufe kafin raɓa ta sauka. Masara ta isa ajiya idan ɗanshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, gyaɗa kuwa kashi 7 zuwa 8. Gyaɗar da ta bushe tana kaɗawa a cikin kwanso idan an girgiza.

Wanda ba shi da na'urar awo yana iya gwada masara da gishiri. A samu busasshiyar kwalba mai murfi, a zuba masara zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali 2 ko 3 na busasshen gishiri, a girgiza na minti ɗaya, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. Idan gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya.

Bayan an ɓare, a zauna a tsince duk ƙwayar da ta yamushe, ta yi baƙi, ta yi kore ko ta huje. Abin da aka tsince a ƙone shi ko a binne shi nesa da gona. Surfe da wanke masara kafin niƙa su ma suna rage gubar, sai dai a sani cewa abin da ya fita yana komawa cikin dusa.

Waɗannan matakai an gwada su. A yankin Kindia na ƙasar Gini an yi bincike a ƙauyuka 20, aka wallafa sakamakon a shekarar 2005. An koya wa rabin ƙauyukan tsinta da hannu, shanya a kan tabarma, gane bushewa, zuba gyaɗa a buhun algarara da ɗora buhu a kan katako. Bayan wata 5 da girbi, alamar gubar a jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ba ta kai rabin ta sauran ƙauyukan ba.

Maganin Ƙwari a Cikin Buhu

Tsoron ƙwaron wake shi ne ke tura manomi da ɗan kasuwa ga maganin da bai dace ba. Damuwar tasu gaskiya ce, domin waken da aka bari haka nan yana iya zama gari da ramuka cikin 'yan watanni. Amma maganin da aka yi don feshi a gona, ko don kashe sauro, ba a yi shi don a cuɗa da abinci ba.

A shekarar 2008, ɗalibai fiye da 100 na wata makarantar sakandaren 'yan mata a jihar Gombe sun kwanta asibiti bayan sun ci wake. Awon da aka yi ya nuna akwai sinadarin lindan, wanda aka fi sani da Gamalin. A shekarar ce NAFDAC ta haramta magungunan gona guda 30, kuma a 2009 aka sanya lindan cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da su a noma.

A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda sinadarin dikulobos, wanda da shi ake haɗa fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo ɗaya, amma an samu buhunan da suka kai miligiram 4.6, wato ninki 460. An tsawaita dakatarwar a 2016, aka sake tsawaita ta a 2019. Asarar ba ta tsaya kan masu fitar da kaya waje ba, ta taɓa sunan waken ƙasar baki ɗaya.

Ƙwayar hayaƙi da 'yan kasuwa ke kira bom ita ma tana da haɗari. Idan ta haɗu da laimar iska tana fitar da iskar gas mai kisa, wadda ke ratsa buhu ta cika ɗaki. Kada a taɓa amfani da ita a ɗakin kwana, ko a ɗakin da ke manne da inda mutane ko dabbobi ke kwana, kada kuma a jefa ta tsirara cikin hatsi. Aiki ne na wanda aka horar, a ma'ajiyar da za a iya toshewa.

Ajiya Ba Tare da Magani Ba

Hanyar da ta fi dacewa da ƙaramin manomi ita ce toshe iska. An faro binciken ne a maƙwabtanmu, a arewacin Kamaru, inda masana daga jami'ar Purdue ta Amurka suka fara aiki da cibiyar binciken noma ta Marwa a shekarar 1987. Daga wannan aiki aka samu buhu mai hawa uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗa shi a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya daga shekarar 2007. Yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ƙwarin da ke cikin hatsi suna shanye iskar da ta rage, daga nan su daina ci da haihuwa, su mutu. Ledar kuma tana hana ɗanshin waje shiga, don haka fumfuna ba ya samun abin da yake buƙata.

Yadda ake amfani da shi:

1. A busar da hatsi sosai, a sheƙe shi. Buhun ba ya busar da ɗanyen hatsi, ba ya kuma cire gubar da ta riga ta shiga.

2. A duba ledojin, a tabbatar ba su huje ba.

3. A zuba hatsi a hankali, a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki a ɗaure. Sannan a ɗaure ta biyu daban, a ɗaure na waje daban.

4. A ɗora a kan katako, nesa da bango, a inuwa.

5. Kada a riƙa buɗewa. A ware abincin wata ɗaya ko biyu a wani mazubi.

Jarka ko duro mai murfin da ke toshewa sosai suna yin irin wannan aiki idan aka cika su har baki, muddin ba a taɓa zuba mai ko magani a cikinsu ba.

Ɓera da Zazzaɓin Lassa

An fara gano zazzaɓin Lassa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke ƙaramar hukumar Askira/Uba a kudancin Borno, maƙwabciyar arewacin Adamawa. Wani irin ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana zubar da ita ta fitsari da kashi. Hatsi ko garin da aka shanya a bakin titi aka bar shi ya kwana, da rumbun da ba shi da murfi, hanyoyi ne da cutar ke bi ta shiga gida. A share ciyawa da shara kewaye da rumbu, a toshe ramuka, a rufe gari da ragowar abinci a mazubi mai murfi.

Aikin Malamin Gona

Manomi ya fi yarda da abin da ya gani. Ana ba malaman gona shawara su yi gwajin gishiri a gaban jama'a, su kuma ɗaure buhu biyu na wake lokacin kaka, ɗaya mai hawa uku ɗaya na yau da kullum, a ajiye su a gidan mai unguwa, a buɗe bayan wata 4 zuwa 6 kowa yana kallo. A shirya zama na musamman da mata, domin a hannunsu shanya, tsinta, matsar mai da damun kunun yara suke. A kuma kai wannan bayani ga dillalai da masu sito, tun da hatsi kan daɗe a wurinsu fiye da yadda yake daɗewa a gidan manomi.

Kammalawa

Gubar da ta riga ta shiga hatsi ba ta fita da wanki ko dafuwa, don haka rigakafi shi ne maganinta. Manomin da ya shuka da wuri, ya girbe a kan lokaci, ya shanya a kan tamfol har ya bushe, ya tsince ruɓaɓɓe ya zubar, sannan ya ajiye a mazubin da iska ba ta shiga, ya kare iyalinsa da dabbobinsa, ya kuma kai kasuwar Mubi kayan da ba zai ji kunyar kwance bakinsa ba. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona mafi kusa, ko ofishin hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Adamawa. Idan kuwa mutane suka fara amai ko idanunsu suka yi rawaya bayan cin abinci ɗaya, a garzaya da su asibiti, a dakatar da cin wannan hatsi, a kuma ajiye kaɗan daga cikinsa domin awo.